Yadda Ake Haɗa Jadawalin Kwatanta Amsoshin Bincike a Manhajar SPSS

Jadawalin da ke gitta amsar wata tambaya da amsar wata shi ne aikin da mai bincike ya fi yi bayan ya gama tattara bayanai, kuma SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ba za ta ƙi fitar da shi ba ko da an tsara shi a baibai. Saboda haka, kafin a taɓa kwamfuta, a fara rubuta tambayar da ake son jadawalin ya amsa a jimla guda. Za mu yi misali da Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, aka tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49. Tambayarmu ita ce: shin matakin karatun mata ya bambanta tsakanin birni da karkara? A fayil ɗin da ke ɗauke da amsoshin matan wannan bincike, matakin karatu yana ƙarƙashin lambar v106, wurin zama kuma yana ƙarƙashin v025.

Da farko a buɗe shafin Variable View a tabbatar kowace lamba tana da sunanta, wato a v025, 1 birni ne 2 karkara, sannan a v106, 0 zuwa 3 su ne rashin karatu, firamare, sakandare da gaba da sakandare. A duba wurin Measure, domin idan aka bar tambayar a matsayin Scale, sashen Custom Tables zai kawo matsakaicin lambobin a maimakon ƙirga mutanen kowane rukuni. A mayar da wurin zama Nominal, wato rukunai marasa jerin matsayi, matakin karatu kuma Ordinal, wato rukunai masu hawa-hawa. Akwai abin lura a nan ga mai aiki da bayanan arewa: babu makarantar allo a cikin waɗannan rukunai huɗu, don haka ya dace a rubuta "ilimin boko" a kan jadawalin, kada a jingina wa macen da ta sauke Alƙur'ani jahilcin da ba nata ba.

Mataki na biyu shi ne sanya nauyi. Ba a zaɓi matan kowace jiha daidai da yawan jama'arta ba, shi ya sa aka ba kowace mace nauyin da ke nuna yawan matan da take wakilta. Nauyin yana cikin v005, kuma dole ne a raba shi da 1,000,000 ta hanyar Transform sai Compute Variable, sannan a kunna shi a Data sai Weight Cases. Wanda ya tsallake wannan mataki, jadawalinsa zai ba da labarin waɗanda aka zanta da su ne kawai, ba matan ƙasar ba.

Daga nan a shiga Analyze, sai Tables, sai Custom Tables. A ja v106 zuwa layukan kwance, a ja v025 zuwa layukan tsaye. A maɓallin Summary Statistics ne ake yanke hukuncin da ya fi kowanne muhimmanci, wato ta wane ɓangare kaso zai cika ɗari. Tun da birni da karkara muke kwatantawa, a zaɓi Column N %, ta yadda matan birni za su cika ɗari su kaɗai, na karkara ma haka, sai a bi layi a kwance ana duba bambancin. Idan aka zaɓi Row N %, wata tambayar daban aka amsa: a cikin matan da ba su yi boko ba, kaso nawa ne ke zaune a karkara? Wannan adadi yana iya yin yawa don kawai mazauna karkarar suna da yawa tun asali, kuma a ganina rikita waɗannan biyun shi ne kuskuren da ya fi ɓata rahotanni da kundayen digiri. Ƙa'idar ita ce, rukunin da ake kwatantawa shi ne zai cika ɗari. A ƙara Unweighted Count domin a ga ainihin adadin mutanen da ke bayan kowane kaso, sannan a kunna jimilla a Categories and Totals.

Idan ana son ganin abin shiyya-shiyya, a ɗora v024, lambar shiyya, a saman v025, sai kowace daga shiyyoyi shida ta rabu gida biyu. Amma gwargwadon yadda aka daddatsa jadawali, gwargwadon yadda mutanen kowane gurbi ke raguwa. Rahotannin wannan bincike suna da tsarin da ya kamata a ara: kason da aka gina a kan mutum 25 zuwa 49 ana sa shi cikin baka, wanda bai kai 25 ba kuwa ana cire shi a sa alamar tauraro.

Gwajin chi-square, wanda ke auna ko bambancin da aka gani ya wuce na katari, yana shafin Test Statistics, amma yana ɗauka cewa an zaɓo kowace mace ita kaɗai, alhali gungu-gungu aka zaɓo gidaje, kuma maƙwabta sukan yi kama da juna, don haka yana saurin nuna bambanci ya tabbata. Gyaran shi ne a yi gwajin a sashen Complex Samples, a shigar da v021 a matsayin gungu, v022 a matsayin rukunin zaɓe. Masu amfani da manhajar Stata kuwa su yi amfani da umarnin svyset. A sashen Custom Tables, kafin a danna OK, a danna Paste domin manhajar ta rubuta umarnin CTABLES a adana shi, sannan a ƙasan jadawalin a bayyana shekarar binciken, waɗanda aka ƙirga, da cewa an sanya nauyi.