Yadda za ka zana hanyar anjiyotensin zuwa ƙwaƙwalwa ba tare da haddar banza ba

Na daɗe ina taya ɗaliban aikin jinya da na harhaɗa magunguna bita a nan Kaduna, kuma kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe. Ka tambayi yaro aikin anjiyotensin, wato sinadarin da ke yawo cikin jini yana daidaita hawan jini da ruwan jiki, sai ya ce yana matse jijiyoyin jini, ya ja baki ya yi shiru. Ka ce masa to ƙishirwar da yake jawowa fa, daga ina? Sai susar kai. Ga yadda nake sa su yi.

Nemi farin kwali babba da biro biyu, ja da shuɗi. Ba sai ka sayi ƙaton littafi ba, kwali ɗaya daga Kasuwar Gumi ya wadatar. Ja na duk abin da ke yawo cikin jini ne, shuɗi na ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Ban yarda da fensir ba, yana sa mutum ya yi ta gogewa maimakon ya yi tunani.

Da jan biro zana ƙoda, hanta da huhu. Jini ya ragu, ƙoda ta saki wani sinadari mai suna renin, renin ya yanki furotin ɗin da hanta ke yi ya zama anjiyotensin I mai amino asid (tubalan ginin furotin) 10, sinadarin ACE, wanda ya fi yawa a huhu, ya datse biyu, saura 8. Shi ne anjiyotensin II. Wannan kowa ya iya, wuce.

Mataki na biyu nake so ka zauna a kai. Ni kaina nan na faɗi ina ɗalibi: na ja kibiya daga jini tsaf zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa, malaminmu ya zagaye ta ya rubuta a gefe, “Ta wace ƙofa?” Akwai katanga tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma anjiyotensin II ba ya haura ta cikin sauƙi. Amma akwai 'yan wurare da ba su da katangar, SFO da OVLT a jikin kogo na uku na ƙwaƙwalwa, da area postrema can ƙasa. Ka zana su kamar zauren gida. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida, a zaure ake karɓar saƙonsa, ɗan gida ya shiga da shi. Ɗan gidan nan shi ne ƙwayar jijiya. Saboda haka jan biro a zaure zai tsaya, daga nan shuɗi ya karɓa.

Yanzu faɗaɗa ƙwayar jijiya ɗaya a zauren, ka ɗora mata makarɓin AT1 a bango, wato wurin da anjiyotensin II ke maƙalewa ya isar da saƙonsa. Kar ka rubuta “yana kunna ta” ka tafi, ba maki a wannan. Anjiyotensin II ya zauna kan makarɓin, furotin Gq, mai shigar da saƙon cikin ƙwayar, ya motsa, kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, ƙofofin fotashiyam suka ƙuntata. Fitar fotashiyam ita ke kwantar wa ƙwayar hankali, to an rage ta, sai ƙwayar ta yi ta harba saƙo a kai a kai.

Daga nan ja kibiya uku shuɗaye. Ɗaya ta ƙishirwa da kwaɗayin gishiri. Ɗaya zuwa PVN da SON, tarin ƙwayoyin jijiya biyu a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, su sa a saki sinadarin basofiresin daga bayan fitutari, 'yar ƙwayar nan da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya sa ƙoda ta riƙe ruwa. Ta ukun daga PVN zuwa RVLM, wata cibiya can ƙasan ƙwaƙwalwa, ta zaburar da jijiyoyin da ke sa zuciya gudu, magudanan jini su tsuke. In kibiyoyin sun ruɗa ka, tuna azumin lokacin zafi bayan la'asar: maƙogwaro ya bushe, fitsari ɗan kaɗan kuma ja. Hannun anjiyotensin na ciki, tare da gishirin da ya yi kauri a jini.

AT2, ɗaya makarɓin na anjiyotensin II, sa shi a kusurwa, galibi akasin AT1 yake yi. Sai ka ɗora gicciye biyu inda magungunan hawan jini ke toshe hanyar: lisinopril kan ACE, losartan kan AT1. Rubuta tari kusa da lisinopril, don ACE ne ke rusa sinadarin biradikinin, in an toshe ACE sai biradikinin ya taru ya jawo tari. Kife kwalin, ka sake zana shi da ka kafin ka tashi, gobe da asuba kuma ka maimaita.