Kalmar "wannabe" da kurakuran da ake yi da ita

Kwanaki na ga wani matashi ya rubuta "wannabe doctor" a ƙarƙashin hotonsa a Instagram. A zatonsa cewa ya yi yana da burin zama likita. Abin ya dame ni, domin da hannunsa ya rage wa kansa daraja. Mai jin Turanci zai fahimci cewa yaron yana kwaikwayon likitoci ne kawai, bai kai ba, kuma da wuya ya kai.

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Asalin kalmar "want to be" ne, wato son zama wani abu, Amurkawa suka haɗiye ta a baki ta koma "wanna be". Da ta zama sunan da ake kiran mutum da shi, sai raini ya shige ta. Wannabe shi ne wanda ya ari shigar wani da tafiyarsa da salon maganarsa, alhali ba shi da abin da ya sa wancan ya yi fice. Zanen aro ke nan, wanda ba ya rufe katara. Mai buri na gaskiya "aspiring doctor" zai rubuta.

Wasu kuma na ɗauka waƙar "Wannabe" ta 1996, ta ƙungiyar mawaƙa mata ta Birtaniya Spice Girls, ce ta haifi kalmar. Kalmar ta girme waƙar. Tun a 1985 jaridun Amurka ke kiran 'yan matan da ke shiga irin ta mawaƙiya Madonna "Madonna wannabes": safar hannu ta leshi, warwaron roba jere a hannu, sarƙa mai gicciye a wuya.

Sai kuskuren haɗa "wannabe" da "copycat", wadda ta fi ta tsufa sosai, don tun ƙarshen ƙarni na 19 ake rubuta ta. Copycat aiki yake kwafa, kamar ɗalibin da ya leƙa takardarka ya juye amsarka, ba ruwansa da zama kai. Wannabe kuwa matsayinka yake sha'awa, so yake a ɗauke shi kamar kai.

Wajen rubutu, idan mutum ake nufi a haɗe take, jam'inta "wannabes". Idan aikatau ne a rabe, kamar "I wanna be". Duka biyun na hira ne. A takardar neman aiki ko jarrabawa a rubuta "want to be" cikakke.