Darasi na Bakwai: Komawa Asibiti Bayan Maganin Sankarar Mama

Wannan darasi na matan da aka yi wa maganin sankarar mama ne, da mazajensu, da 'ya'yansu, da duk mai raka su asibiti. Da wuya a rasa wadda ta san wata mai wannan ciwo a cikin ajinmu. Sankarar mama ce cutar dajin da ta fi kama mata a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai, mata kusan miliyan 2.3 aka samu da ita a faɗin duniya.

Idan aka gano ta da wuri, tun ƙullutun yana ƙarami bai wuce nono da hammata ba, ana samun lafiya. A ƙasashe masu arziki, inda ake ganowa da wuri kuma ake kai magani ƙarshe, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu shekara 5 bayan an gano cutar.

An sallame ni, to me ya rage?

An yi tiyata, an cire ƙullutun ko nonon baki ɗaya. Wata an yi mata kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin daji, wata an haɗa mata da gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura. Gashin kai ya fara tsirowa, abinci ya fara shiga, 'yan uwa sun zo barka. A nan ne mata da yawa suke cewa, "Ai na warke, an sallame ni." Katin asibiti ya koma ƙasan akwati.

Alhamdu lillahi da sauƙin da aka samu. Amma sallamar nan daga gado ce kawai. Likita bai rufe fayil ɗinki ba.

Ga dalili. Ƙwayoyin cutar daji ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, na'ura ma ba ta ganin ɗaya ko biyu. Wani lokaci kaɗan daga cikinsu sukan tsira bayan magani, su kwanta shiru, daga baya su farka. Manomi ya san wannan: ya yi noman firi gona ta yi tas, amma ba ya rataye fartanya, don ya san akwai maimai a gaba. Cutar tana iya dawowa a wurin tabon, ko a hammata, ko a ɗaya nonon. Idan an kama ta a nan tun tana ƙarama, ana iya sake yi mata magani har a rabu da ita. Idan aka bari ta kai ƙashi ko huhu ko hanta, magani yana rage ta, yana ƙara kwana da sauƙi, amma da wuya ya kawar da ita.

Mafi yawan matan da aka yi wa magani da wuri, cutar ba ta dawo musu. A riƙe wannan, don kada tsoro ya hana barci.

Yaushe ake komawa?

Likitanki ne zai rubuta ranar, kuma abin da ya rubuta shi za ki bi. Amma tsarin da aka fi amfani da shi shi ne:

Shekara 3 na farko: duk bayan wata 3 zuwa 6.
Shekara ta 4 da ta 5: duk bayan wata 6 zuwa 12.
Bayan shekara 5: sau ɗaya a shekara.

An matso da ranakun a farko ne domin a shekarun nan cutar ta fi saurin dawowa. Akwai kuma nau'in da sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, wanda yakan yi shekara 10 ko 15, har 20, kafin ya sake ɗago kai. Shi ya sa zuwan shekara-shekara ba shi da ranar dainawa.

Abin da ake yi ranar

Likita zai yi miki tambayoyi, ya duba tabon, ya lalubi hammata da ramin wuya ko akwai kaluluwa, ya duba ɗaya nonon, ya kalli hannunki. Idan kina jin nauyin namiji ya duba ki, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, ko ki tambaya ko akwai likita mace. Haƙƙinki ne.

Sau ɗaya a shekara za a tura ki hoton nono, wanda ake kira mamogiram. Wadda aka cire wa ƙullutu kawai, duka biyun ake ɗauka. Wadda aka cire wa nono ɗaya, wanda ya rage ake ɗauka. Na'urar tana matse nono na ɗan lokaci, akwai ɗan zafi, amma tana ganin abin da hannu bai isa ya ji ba. Wani lokaci ana ƙarawa da sikanin.

Wasu kan fito suna ƙorafi: "Na biya kuɗin mota tun daga ƙauye, bai ɗebi jini ba, bai rubuta hoton ciki ba, taɓawa kawai ya yi." Ba ha'inci ba ne. An yi bincike a kan wannan, an ga cewa yawan gwajin jini da hoton jiki duka ga wadda ba ta jin komai ba ya ƙara mata tsawon rai, sai dai ya cinye kuɗi ya ƙara fargaba. Tambaya, da duban hannu, da mamogiram su ne ginshiƙin aikin. Idan kin faɗi wata alama, a lokacin ne za a rubuta gwajin da ya dace da ita.

Ƙwayar nan ta kullum

A nan ne aka fi yin asara, don haka mu tsaya sosai.

Idan gwaji ya nuna cewa sankararki irin wadda sinadarin mace ke ciyarwa ce, za a ɗora ki kan ƙwaya guda a rana. Wadda aka fi sani ita ce Tamoxifen, mai nauyin miligiram 20. Matan da jinin al'ada ya ɗauke musu, sau da yawa Anastrozole ko Letrozole ake ba su. Ana shan maganin shekara 5, wasu har 10. Shan Tamoxifen na shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan sankara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙwaya ce ƙarama, amma aikinta bai gaza na tiyata ba.

Matsalar ita ce mai shan ta ba ta jin ciwon komai, don haka ba ta ganin amfaninta. Wahalarta kawai take gani: zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, farin ruwa, rikicewar al'ada, ciwon gaɓoɓi. Sai ta ajiye, ba ta faɗa wa kowa ba. Wata kuma kuɗin saye ne ya ƙare. Idan haka ta faru, a gaya wa likita gaskiya. Yana iya sauya lokacin sha, ko ya sauya maganin da wani, ko ya ba da abin rage wahalar. Wadda ta ce "ina sha" alhali ta daina tun bara, kanta ta rufe.

Abubuwa kaɗan da mai shan Tamoxifen za ta kiyaye. Idan ta manta yau, gobe ɗaya za ta sha, ba biyu ba. Da azumi ba a ajiye shi. Tunda sau ɗaya ne a rana, a mai da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur. Ba a ɗaukar ciki a kansa, domin yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba a shayarwa. Ƙwayar tazarar haihuwa, da allura, da ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu duk suna ɗauke da sinadari, ba su dace da wadda ta yi sankarar mama ba. Robar mahaifa marar sinadari ko kwaroron roba ake ba da shawara. Wadda take son ƙara haihuwa ta faɗa a fili. Mata da dama sun haihu lafiya bayan wannan ciwo, amma likita ne zai tsara lokacin da za a dakata da maganin.

Alamu biyu ne ba a wasa da su a kan wannan ƙwaya. Na ɗaya, zubar jini ta gaba wadda ba al'ada ba, musamman ga wadda al'ada ta ɗauke wa, domin maganin yana ɗan taɓa mahaifa. Na biyu, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, domin yana iya sa jini ya daskare a jijiya. Mai niyyar doguwar tafiya, kamar aikin Hajji, ko wadda za a yi wa wata tiyata, ta sanar da likita tun da wuri.

Su kuma Anastrozole da Letrozole suna rage ƙarfin ƙashi, don haka akan auna ƙashin mai shan su lokaci zuwa lokaci.

Hannun ɓangaren da aka yi aiki

Idan an cire kaluluwar hammata, hannun yana iya kumbura, ko da bayan shekaru. Zobe ko awarwaro ya fara matsewa, hannu ya yi nauyi. A faɗa da wuri, tun kumburin bai yi tauri ba. A riƙa motsa hannun da ayyukan yau da kullum, a shafa mai kada fata ta tsage, a kiyaye ƙuna a bakin murhu da yankan wuƙa. Kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wannan hannu. Idan ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, asibiti a ranar.

Alamun da ba a jiran ranar kati

Sabon ƙullutu a tabo, ko hammata, ko wuya, ko ɗaya nonon. Fatar wurin ta sauya ko ta yi gyambo. Ruwa ko jini daga kan nono. Ciwon baya ko na ƙashi da ya wuce mako 2 bai lafa ba, musamman mai tsananta da dare. Tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ido ya yi ɗorawa kamar shawara. Ciwon kai mai naci tare da amai ko dishi-dishin gani. Rama ba dalili. Idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

Sau da yawa za a duba a ga ba cutar ba ce. Ba wanda zai ce kin ɓata masa lokaci.

Karatu: a gaban tebur

Ɗaliba ɗaya ta karanta maganar majinyaciya, ɗaya ta karanta ta ma'aikaciyar jinya.

"Sannu Hajiya, ya ƙarfin jiki? Wata takwas ba mu gan ki ba."

"Da sauƙi, Sista. Damina ce ta shigo, ga Malam ya ce tunda ba abin da ke damuna, a bari sai an yi girbi."

"To maganin fa?"

"Gaskiya ya ƙare tun ƙaramar sallah."

"Kin kyauta da kika faɗa. Yau za ki ga likita a sake rubutawa. Zuwa na gaba ki ce Malam ya rako ki, ya ji bayani da kunnensa."

"In sha Allahu. Don Allah ki rubuta mini ranar da manyan baƙi, yanzu ina iya karantawa."

Kuɗin mota da sauran cikas

Asibitocin da ke wannan aiki ba su da yawa, kuma suna da nisa: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi a 2021. Tunda ranar a rubuce take tun wata 3 ko 6 kafin ta zo, a fara tara kuɗin tun daga ranar da aka dawo, ko a daidaita kwasar adashi da watan tafiya. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin game da asusun tallafin masu cutar daji na gwamnatin tarayya, wanda ya haɗa da sankarar mama. A kuma tambayi likita ko zai yarda a riƙa yin wani duban a babban asibitin da ke kusa da gida.

Maigida, naka aikin ba izini kaɗai ba ne. Ka san ranar kamar yadda ka san ranar kasuwa.

Akwai masu cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, su kawo jiƙo da garin shafawa su ce a bar na asibiti. Addu'a da sadaka ba su hana shan ƙwaya. Amma duk wani jiƙo da ake sha, a faɗa wa likita sunansa, don wasu suna wahalar da hanta, wasu suna rage ƙarfin magani.

Ranar tafiya a riƙe kati, da kwalin magani, da tsofaffin hotuna da sakamakon gwaji duka a jaka ɗaya. Idan ranar ta wuce ba a je ba, ba a jira a ji kunya, a tafi a ranar asibitin da ta biyo baya.

Aikin aji

1. A rubuce a kati: 14/09/2026. Wace rana ce, wane wata, wace shekara? Rubuta da kalmomi.
2. An gama wa wata magani a watan Maris. Likita ya ce ta riƙa zuwa duk bayan wata 3. Rubuta watanni huɗu da za ta koma.
3. Ƙwaya ɗaya ake sha a rana. Guda nawa za a saya na kwana 90? Idan katin magani ɗaya yana da ƙwaya 30, kati nawa ke nan?
4. An fara shan magani a 2025, za a sha shekara 5. A wace shekara za a gama?
5. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa naira 12,000 ne, saura mako 12 tafiya. Nawa za a riƙa ajiyewa duk mako?
6. Faɗi alamu uku da ba a jiran ranar kati a kansu.

Aikin gida

Rubuta tambayoyi biyu da kike son a yi wa likita, da hannunki, a takardar da za ta shiga jakar kati. Ki zo da ita aji na gaba mu gyara rubutun tare.