Yadda Za Ka Gane Coney Island a Fim ko a Littafi

Shekarata ta farko a New York, ina zaune a Bronx, na hau jirgin ƙasa na layin D na bi shi har ƙarshe, tashar Stillwell Avenue a Coney Island, unguwar wasanni da ke bakin teku a kudancin Brooklyn. Watan Fabrairu ne. Na tarar da komai a kulle, katafaren lilon wurin mai juyawa a tsaye cik, iskar teku tana ta kaɗa leda a kan hanyar katako, sai wani tsoho da karensa. Raina ya ɓaci, don a finafinai na saba ganin wurin ba masaka tsinke. Daga baya na gane kowane mai ba da labari da Coney Island ɗin da yake nufi, kuma akwai hanyar tantancewa.

Ka fara da neman shekarar. Manyan wuraren wasa uku ne suka fito da sunan unguwar: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904. Gobara ta cinye Dreamland a 1911, ta lalata Luna Park a 1944, aka rufe Steeplechase a 1964. In ka ji marubuci yana ta zuzuta hasumiyoyi masu dubban ƙwayayen lantarki, to farkon ƙarni na ashirin yake nufi, lokacin da gidaje da yawa ba su da wuta. In kuwa ka hango babban lilon Wonder Wheel, an wuce 1920. Jirgin wasan Cyclone mai hawa da gangara kuma na 1927 ne. Wajajen 1920 ɗin nan ne jirgin birni ya fara kawo mutane a kan kwabo biyar, talakawa suka cika rairayin.

Sai ka tambayi kanka: idon wa nake aro? A nan na fi daɗewa. Maxim Gorky, marubucin Rasha, ya zo a 1906, fitilun suka burge shi daga nesa, da ya shiga ciki sai ya ga gajiyar rai kawai. Mawaƙin Spaniya García Lorca ya zo a 1929, waƙar da ya rubuta kan wurin ta taron mutane ce masu amai. Dukansu baƙi ne, kuma ina ganin ba su yi wa leburan da ya yi kwana shida a masana'anta adalci ba. Shi mutumin nan iska ya zo sha da iyalinsa.

Don haka ka haɗa su da fim ɗin Little Fugitive na 1953. Yaro ɗan shekara bakwai ya gudu daga gida, kuɗinsa suka ƙare, ya shiga tsintar kwalaben lemo a bakin teku yana mayarwa ana ba shi 'yan kwabbai, ya je ya hau ƙaramin doki. Kyamarar tana daidai tsayinsa, ƙafafun manya kake gani da yashi. Duk wanda ya taɓa tallar kwalba yana yaro zai ji abin a jikinsa.

Lura da lokaci ma. Rana tsaka a watan Yuli, labarin soyayya ne ko na iyali. Asuba ko hunturu, ana so ka ji kaɗaici. A fim ɗin The Warriors na 1979, 'yan daba sun kwana suna gudu daga Bronx, suka iso da wayewar gari, wurin wayam. Su a wurinsu gida ne, kuma dogayen benayen da ke bayan lilon cike suke da mutane har yau.

In za ka gwada, kalli na 1953 tukuna, sannan na 1979. Duk inda aka nuna bakin teku ka tsayar da hoton, ka ƙirga mutanen da ke kan yashi.