Yadda ake shuka magarya don ƙawata gida

Masu sayar da furanni a bakin titi ba sa ajiye magarya, wai itaciyar jeji ce. To ni a wurina, in ta samu gyara, ganyenta mai sheƙi ya fi na furannin da ake ta ɓarin ruwa a kansu kyau, kuma rani ba ya kashe ta.

Fara da iri. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna jajir lokacin hunturu, ka ci, ka shanya ƙwallon. Kada ka binne shi haka nan, ɓawon da tauri, sai ka gaji da jira. Ka fasa shi da guduma a hankali, ka ciro ƙwayar, galibi biyu ne a ciki, ka jiƙa ta ta kwana.

Wajen dashe ake yin asara. Magarya tana fara tura doguwar saiwa ƙasa tun kafin ta yi ganyen kirki. Na taɓa shuka guda shida a ledar fiya wata, na jera su a ƙasa. Ashe saiwar ta huda ledar ta shige. Da na ɗaga sai na ji tsinkewarta a hannuna, cikin sati biyu huɗu suka bushe. Saboda haka ka shuka ta kai tsaye inda za ta zauna da farkon damina, ko kwabo ba za ka kashe ba. In dole sai leda, nemi mai zurfi, ka ɗora ta kan bulo, ranar dashe kuma ka tsaga ledar da reza, kada ka zaro tsiron.

Zaɓi inda rana ke bugawa sosai, nesa da hanyar yara da igiyar shanya. Ƙayarta biyu-biyu take, ɗaya a miƙe, ɗaya kamar ƙugiya, mai ƙugiyar ce ke yaga zani. Ka kewaye ta, awaki na son ganyenta.

Ranin farko ka riƙa ba ta ruwa sau ɗaya a sati, daga nan ka ƙyale ta. Bayan ta gama 'ya'ya ka sassare rassan ƙasa, sabon toho ne ke yin fure. Mai son manyan 'ya'ya sai ya yi mata aure da irin magaryar Indiya, kamar wadda ake kira tuffar Sahel, da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa a Nijar.