Yadda ake gane laimar kwaɗi mai launin zuma, da yadda ake raba ta da lambu

Aikin lambu nake yi a Ingila, kuma babu ciwon bishiya da yake tayar mini da hankali kamar wannan laimar kwaɗin da masana ke kira Armillaria. Tana kashe tuffa, da fure mai ƙaya, da shingen gida, tun daga saiwa. Masu gonakin shayi a Kenya da Malawi ma sun daɗe suna fama da danginta.

Kada ka jira sai ka ga laimar ta fito. Takan fito ne da kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, cunkus a gindin itace, launinta na zuma, da zobe a wuyanta, wata shekarar kuma ko ɗaya ba za ka gani ba alhali tana can tana ɓarna. Idan ganye ya ƙanƙance ya koɗe, ko rassan sama suka fara bushewa, ko ƙaro na tsattsafowa daga gindi, ɗauki wuƙa ka ɓare ɓawon daidai inda itacen ya haɗu da ƙasa. In ita ce, za ka tarar da wani farin shimfiɗi siriri tsakanin ɓawo da itace, mai ƙamshi irin na laimar kwaɗi. Wannan ita ce shaidar da na fi yarda da ita. Ka tona ƙasa kuma, wataƙila ka ga baƙaƙen zare kamar igiyar takalmi. Da su take tafiya daga wannan bishiya zuwa waccan, har kusan mita 1 a shekara.

Maganin feshi babu. Aikin na diga ne da shebur.

Sare bishiyar kawai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne masu gida suka fi yi mini gardama saboda kuɗin aikin. Kututturen da aka bari shi ne abincinta; a kansa za ta zauna shekara da shekaru tana miƙa zarenta ga maƙwabtan itatuwa. Tumɓuke shi da duk saiwar da hannunka ya kai, har ƙananan. Ƙona su, ko ka kai juji. Kada guntu ɗaya ya shiga ramin taki.

In akwai itatuwa masu lafiya kusa, haƙa siririn rami mai zurfin santimita 45 tsakaninsu da wurin da ciwon yake, ka tsayar da roba mai kauri a ciki domin ta tare zaren, ka bar bakinta ya ɗan ɗara ƙasa. Wurin da aka cire kututturen kuma a bar shi babu itace wata 6 zuwa shekara, ana kafce shi jefi-jefi domin zaren ya kakkarye ya mutu da yunwa. Da ka tashi sake dasawa, fara da gora ko ciyawar ado, su ba ta cika kama su ba.