Yadda za a shirya tsohuwar kat-kat domin doguwar tafiya daga Damagaram

Yawancin motocin kat-kat, wato masu giyar ƙafa huɗu, da ke tashi daga Damagaram zuwa Tanut da Agadas, ko su nufi gabas ta Gure zuwa Diffa, sun daɗe da wuce kilomita 300,000, kuma wannan adadi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Abin da ke kashe mota a ƙasarmu abu uku ne: zafi, ƙura da gurɓataccen mai. Motar da aka kare daga waɗannan tana iya daɗewa ƙwarai, wadda kuwa aka sakar musu tana iya mutuwa tun tana da sauran ƙuruciya.

Idan saye za ka yi, kada ka dogara da lambar da ke jikin agogon mota, domin mayar da ita baya abu ne mai sauƙi ga wanda ya iya. Ka je da makanikenka da sassafe, kafin mai motar ya ɗumama injin, ku tayar da ita da sanyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta injin yana shan baƙin mai, farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa kuma, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Sannan ka leƙa ƙarƙashi ka duba ƙashin motar, domin wadda aka saba ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta takan tsage kusa da maɗaurin sifirin, a yi mata walda a shafe da fenti.

Ba banza ba direbobin hamada suka riƙe Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, musamman mai injin 1HZ da ya fito a 1990. Injin gazuwal ne mai silinda shida da girman lita 4.2, ba shi da turbo, kuma famfon mansa ba na kwamfuta ba ne, shi ya sa makanike a Tanut zai iya kwance shi da kayan aikin hannu. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri. Sai dai yana da bel na cikin injin wanda ya kamata a sauya duk kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya ɓarnar tana da yawa. Saboda haka in ba ka san ranar da aka sauya shi ba, ka sauya kafin ka tashi. Sababbin injina masu kwamfuta sun fi ƙarfi da tsimin mai, amma ɗan ruwa ko datti a cikin gazuwal ya isa ya lalata musu allurai masu fesa mai a cikin injin, waɗanda ke da tsada.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya da kyau. Matatar man fetur ta SORAZ tana aiki tun 2011 a kan hanyar Tanut, don haka ka cika tankinka da jarkokinka a gidan mai tun daga gari, ka rage dogaro da man kwalba na bakin hanya, wanda ba ka san abin da aka haɗa masa ba. Idan dole ta sa ka saya, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matatar man motar, wato filta, ka kuma tafi da sababbin matatu biyu. Baƙin mai kuwa, a irin ƙurarmu, a juye shi duk kilomita 5,000. Matatar iska a kakkaɓe ta a hankali kowace yamma lokacin hunturu, a sauya ta da zarar ta yage, domin ƙurar da ta wuce ta tana cin injin tamkar an goga masa yashi.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lagireto shi ne ran mota. Ka wanke shi, ka sauya tiyon da ya yi laushi ko ya kumbura, idonka kuma ya riƙa komawa kan allurar zafi. Da ta hau, ka tsaya, kuma kada ka buɗe murfin sai injin ya huce.

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, kuma akwai wuraren da yashi ke cin hanya. Idan ka shiga rairayi ka rage iskar taya zuwa kamar bar 1.5 a ma'aunin iska, ka sa giyar ƙafa huɗu tun kafin ka kafe, amma da ka hau busasshiyar kwalta ka cire ta ka mayar da iska, domin barin ta a kan kwalta yana wahalar da giya da tayoyi. Rairayi yana shan mai fiye da kwalta sosai, don haka ka lissafa da rara. Ka ɗauki safaya biyu, famfon iska, shebur, jak da katakon da zai zauna a kai, igiyar ja, fanbel, da ruwan sha na kwanaki fiye da na tafiyar. Ka tambayi jandarma halin tsaron hanya, ka sanar da gida ranar da kake sa ran isa, kuma in za ka bar babbar hanya zuwa Tasker ko yankin Termit, ku tafi da mota biyu.